Naman Gwangwani a Burumburum

A shekarun da suka gabaci samun mulkin kai ina aiki a gidan rediyo a Kano. Ina mai da labarai daga Turanci zuwa Hausa, in karanta su da rana, in maimaita da yamma. Ni mutumin Burumburum ne, a ƙasar Tudun Wada. Matata kuwa 'yar Ƙofa ce, kusa da Bebeji. A birni muka zauna, a nan kuma aka haifa mana 'ya mace, ita ce ta fari.

Yadda aka tashe mu, ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon jama'a. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka tambayar lafiyarsa a gaban manya. Ban taɓa jin nauyin wannan ba. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi wa kowa. In yarinyar ta rarrafo wajena sai in janye ƙafa in ci gaba da abin da nake yi.

Da lokacin yaye ya zo aka kai ta Ƙofa, wajen kakarta ta wajen uwa. Gidan surukaina suna da fadama. Da rani suna shuka alkama su yi mata ban ruwa da jigo, surukata kuma ta yi suna wajen alkaki da finkaso, har daga Kiru ake aiko mata in za a yi biki. Jikar fari ta zo, sai aka ba ta mafi kyawun abin da gidan yake da shi. Finkaso da safe, taliya da rana, gutsuren alkaki a hannu duk sa'ad da ta yi kuka.

Cikin 'yan watanni yarinyar da aka kai tana tafiya ta koma zama. Cikinta ya taso, hannuwa da ƙafafu suka tsotse, bayan-gidanta ya zama fari-fari mai maiƙo, ba ya tsayawa. Aka ce tamowa ce. Aka yi rubutu, aka dafa saiwoyi. Ba wanda ya aiko mini, domin ba a aiko wa uba irin wannan labari. A fuskar matata na gani, bayan ta dawo daga gidansu. Ita ma ba ta ce komai ba. Ƙanwata ce, wadda take aure a birni, ta je Ƙofa ta goyo yarinyar ta kawo asibiti. Na bi su a matsayin tafinta.

Likitan Bature ne, mai yawan tambaya. Ya tambayi ko 'yar wace ce, na ce ta gidanmu ce. Ya bi abincinta ɗaya bayan ɗaya, ƙanwata tana faɗa ina juyawa. Ya kwantar da ita na wani lokaci, ya sa aka riƙa ba ta nono da farar shinkafa da ayaba, zawon ya lafa. Ranar sallama ya yi mana bayani. Ya ce akwai wani danƙo a cikin alkama, shi ne yake sa kwaɓin taliya ya miƙe bai tsinke ba, kuma akwai yaran da hanjinsu ba ya ɗaukarsa ko kaɗan. In sun ci, hanjin ya daina karɓar amfanin kowane abinci, sai yaro ya yi ta ci yana ramewa. Ya ce ba shi da maganin da zai ba mu. Maganin shi ne kada alkama ta ƙara shiga bakinta, ko ta fadama ko fulawar kanti, ba burodi, ba biskit, ba gurasa. Dawa da gero da masara da shinkafa duk ba laifi. Ya ƙara da cewa a ba ta nama sosai, domin ta mai da jikinta.

Na juya wannan duka da Hausa, kalma bayan kalma, da muryar da nake karanta farashin gyaɗa.

Ba a mai da ita Ƙofa ba. Gidan da garin alkama yake tashi a tsakar gida kullum ba wurin zamanta ba ne, surukata ma ta yarda da haka, ko da yake ta daɗe ba ta saki fuska ba. Aka kai ta Burumburum wajen mahaifiyata, Inna. A can ba a noma alkama. Tuwon dawa ne da kunun gero, sai fura da nonon da Fulani suke kawowa daga ruga. Inna mace ce mai riƙe magana in ta karɓe ta. Ta hana mai tallar gurasa shiga gidan. Alkakin da aka aiko daga Ƙofa ma a zaure ta sa aka raba shi.

Nakan je wani lokaci ranar Asabar. In hau babbar mota daga Kano zuwa Kwanar Ɗangora, in zauna a gindin bishiya har a sami wata mai shiga Tudun Wada. Kowane zuwa ina ganin canji da gefen ido. Cikin ya sauka. Ta fara dafa bangon rumbu tana miƙewa. Daga baya na gan ta tana bin kaji. Inna takan ce, ba tare da ta dube ni ba, “Baƙuwar nan tamu ta fara ɓarna.” Ni kuma in ce madalla, in tambayi shanu.

Ana cikin haka Kawu ya dawo gida. Yayan Inna ne, ya shekara da shekaru yana aikin kuku, wato girki, wajen Turawan haƙar kuza a duwatsun Doguwa. Maigidansa ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar masa abin da ya rage a sito. A ciki akwai kwali guda na naman gwangwani. Ba irin wanda muka sani ba ne. Nama ne niƙaƙƙe da aka ɗura a cikin wata siririyar fata, dogo-dogo kamar yatsa, an jera shi a ruwan gishiri. Kawu yana ce masa soseji.

Na dace ina gari ranar da ya kawo kwalin. Ya dire shi a tsakar gida, ya dubi yarinyar, ya yi mata wasan kakanni.

“Ina amaryata? Ke, wa zai ɗauki mace kamar sillen kara? Ga abin da zai mai da ke mutum. Da wannan 'ya'yan Turawa suke yin kumatu.”

Inna ta yi godiya, amma ba ta buɗe ba. Ta ce sai an ji daga malamai. Bayan la'asar aka ɗauki gwangwani ɗaya aka kai zauren liman, dattawan unguwa suka taru. Abin tambaya ɗaya ne: halal ne ko haram.

Aka miƙo mini in karanta. A jikinsa akwai hoton saniya, da sunan kamfani, da sunan ƙasar da aka yi shi, da rubutu mai cewa naman shanu ne. Na juya shi ta ko'ina, iyakar abin da aka rubuta ke nan. Na faɗa musu.

“Kun ji ko,” in ji Kawu. “Ga saniya ma a tsaye.”

Wani tsoho maƙeri, abokin wasansa, ya ce, “Kwalin ashana ma akwai hoton jirgi. Ka taɓa buɗewa ka sami jirgi a ciki?”

“Kai dai tsaya ga zuga-zuginka. Ni na san alade, na san warinsa tun daga ƙofar kicin. Shekara nawa ina ƙin taɓa shi ana rage mini albashi?”

“To wa ya yanka saniyar? Ka san sunan mahaucin? Ya kalli gabas?”

“Sai ka hau jirgin ashanarka ka je ka tambayo.”

Aka yi dariya. Liman bai yi ba. Ya karɓi gwangwanin ya daɗe yana dubawa. Ya ce akwai magana a kan abincin ma'abota littafi, akwai kuma saɓani a kan yankan da ba a gani ba. Wani malami da ke gefensa ya kawo tasa hujjar, suka yi ta kai da kawowa har rana ta yi sanyi. A ƙarshe liman ya yanke. Ya ce manya masu lafiya su bar shi saboda tsantseni, tun da akwai shakka. Amma yarinya ce ƙarama, marar lafiya, likita kuma ya ce a ba ta nama, wannan larura ce. A yi bisimilla a ba ta.

Kowa ya gamsu. Hukuncin ya yi wa kowa daidai, Kawu bai kunyata ba, maƙeri bai kunyata ba. Abin da hukuncin ya haifar shi ne kwalin nan gaba ɗaya ya zama na yarinya ita kaɗai. Mun bincika ko akwai alade, mun bincika wanda ya yanka. Ba wanda ya tambayi ko akwai wani abu a ciki ban da nama, domin a iya saninmu nama nama ne. Ana shafa masa ƙuli-ƙuli da yaji a waje, ana ganin abin da aka shafa. Ba mu san naman da ake cusa wa hatsi a ciki ba.

Damina ta kankama, hanyar Tudun Wada ta lalace, na daɗe ban je ba. Da na samu na je, na shiga gida da rana tsaka. Yarinyar tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Cikin ya dawo yadda yake a Ƙofa. Idanunta suna buɗe, ba ta kori ƙudan da ke bakinta ba. Na wuce ta na durƙusa na gai da Inna. Na tambayi ruwa, na tambayi gona, na tambayi mutanen gida.

“Lafiya lau,” in ji ta. “Sai dai baƙuwar nan, jikin ya koma.”

Na gyara zama. Ta ci gaba da kanta.

“Ni dai ko ƙwayar alkama ba ta shigo gidan nan ba. Ka tambayi kowa. Ko dai likitan naku bai gano ba ne. Na sa a yi mata rubutu.”

Na ce Allah ya sawwaƙe. Ban ji tsoro ba, ban ji fushi ba. Na lura dai cewa akuyar da na bari da ciki ta haihu, kuma an sake yaɓe bangon ɗakin girki.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakin Inna. Yarinyar ta kai ba ta iya tauna, don haka Inna ta yanka naman gwangwanin ta zuba masa ruwan zafi a ƙoƙo ya yi laushi, ta ajiye kusa da ni ta tafi duba tukunya. Aka yi wata baƙuwa, Inna ta daɗe ba ta dawo ba. Idona ya faɗa cikin ƙoƙon. Naman ya kumbura ya fi yadda aka yanka shi, gefensa ya saki, ruwan ya yi fari. Na sha ganin nama a ruwan zafi, tsukewa yake yi. Abin da na sani yana kumbura haka shi ne gurasa in an zuba mata romo. Na sa yatsa na ɗebo abin da ya kwanta a ƙasan ƙoƙon na murza. Ya manne mini kamar ƙullu.

Gidan Kawu yana bayan namu. Na same shi a zaure yana gyaran fartanya. Bayan mun gaisa na ce, “Kawu, wannan naman da ka kawo, nama ne zalla?”

Ya yi dariya. “Kai ɗan rediyo, ina ka taɓa ganin niƙaƙƙen nama ya tsaya da kansa? Ai sai da garin busasshen burodi, shi ke riƙe shi. Ni ma in na gwangwani ya ƙare haka nake haɗa wa Bature. Ka daka burodin ya yi laushi, ka cuɗa da naman, ka ɗura. Shi ya sa in wuta ta yi yawa yake fashewa.”

“Burodi alkama ne, Kawu.”

“Na sani. Ni za ka koya wa burodi?”

“An ce kada ta ci alkama.”

Ya ajiye fartanyar. “Wa ya ba ta alkama? Nama aka ba ta. Ba likitan ne da bakinsa ya ce a ba ta nama ba? Ɗan abin da ke ciki ai mahaɗi ne, kamar gishiri a miya. In an hana mutum gishiri sai a ce ya bar miya?”

“Ya ce ko kaɗan.”

“Liman ya duba ya halatta. Kai ka karanta da bakinka a gaban jama'a. Yanzu kuma so kake ka ce ni na kwantar da ita?”

Na ce ban faɗi haka ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba, bai ƙara dubana ba.

Da na koma gida Inna ta riga ta ɗauko yarinyar ta jingina ta a cinyarta, ƙoƙon yana gefe. Matan gidan suna tsakar gida, biyu suna daka, ɗaya tana tankaɗe. Yarinyar da tun jiya ban ga ta motsa ba ta ɗaga hannu tana miƙa wa ƙoƙon.

Na tsaya na ce, “Inna, a dakata da wannan.”

“Da wanne?”

“Naman. Akwai burodi a cikinsa. Kawu ya faɗa mini yanzu.”

Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni. “Nama ne. Gidan nan kaf ba wanda ya ɗanɗana, ita muka bar wa.”

“Shi ne ya mai da ciwon.”

“Shi kaɗai take buɗe baki ta karɓa. Kunu ta kawar da kai, fura ta kawar da kai. In na hana ta wannan me za ta ci? Labaran duniya za ka zo ka karanta mata ta ƙoshi?”

Ɗaya daga masu dakan ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Inna ta sa hannu cikin ƙoƙon.

“Kuma tun yaushe ka fara sanin abin da ake ba ta? Je ka zaure wajen maza.”

Na ce, “'Yata ce. Kada a ƙara ba ta.”

Ban ɗaga murya ba. Taɓarya ta tsaya. Mai tankaɗe ta tashi ta shige ɗaki. A gidanmu ba a taɓa jin namiji ya faɗi wannan a kan ɗansa na fari ba, balle a gaban uwarsa. Inna ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. Ta ɗauki ƙoƙon ta watsa wa kaji.

“To, uban 'ya,” in ji ta. “An ji.”

Yarinyar ta bi ƙoƙon da ido. Ta yi kuka, irin wanda ba shi da sauti sosai. Inna ta kawo kunu, ta ƙi. Ta kawo nono, ta rufe baki. Har rana ta faɗi ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Da yamma Kawu ya shigo ya ɗauki abin da ya rage na kwalinsa a ka ya fita. A zaure na ji yana ce wa wani boko ya cinye kunya. Da na je sallama bai fito ba.

Dole in koma aiki. Na bar yarinyar a tabarmar nan, ba ta ci komai ba. A Kwanar Ɗangora na sayi gyaɗa na ci ina jiran mota. Na san maganar Inna tana iya zama gaskiya. Yaron da ya kai haka, in ya daina karɓar abinci ba ya daɗewa. Na san kuma abin da likita ya faɗa. Na ajiye biyun a raina ban auna su ba.

Na gaya wa matata abin da aka samu a cikin naman. Ta ce to. Ba mu sake ta da maganar ba. Tana da tsohon ciki a lokacin, takan zauna bakin murhu ta daɗe ba ta iza wuta ba. Ni kuma ina zuwa aiki, ina karanta zaman majalisa da sanarwar rigakafin shanu. Ba a taɓa cewa muryata ta canza ba. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida da harshen mutanenmu, sai in sa hula kafin in fita, domin na riga na shirya abin da zan amsa in an yi mini gaisuwar rasuwa.

Na koma sau ɗaya kafin ƙarshen damina. Ta ƙara ramewa, amma zawon ya tsaya. Wata Bafulatana mai kawo nono ce ta zauna da ita tana ɗiga mata da bakin ludayi, tana yi mata magana da Fulatanci. Inna ta amsa gaisuwata, ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Da kaka, wani maƙwabcinmu na Burumburum ya kawo gyaɗa birni, ya biyo ta wurin aikina. Aka kira ni bakin ƙofa. Na fito na same shi tsugune a inuwa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya ba ni labarin dawa, ya ba ni labarin gadar da ruwa ya cinye, ya ce gwiwa tana damun Kawu. Ina tsaye ina jira. Ya tambayi yadda ake shigar da murya cikin akwati, na yi masa bayani. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, har ya yi taku biyu, sannan ya juyo.

“Af, na kusa mantawa. Inna ta ce a gaya maka, awarwaron baƙuwar nan ya matse mata hannu, sai da maƙeri ya yanke shi. Ta ce in ka shiga kasuwa ka sayo wanda ya fi shi girma.”

Na ce to. Na ce ya gai da gida. Na koma ciki na karanta labaran yamma.

Bayan an tashi na shiga kasuwar Kurmi, layin masu kayan ado. Na tsaya gaban wani tsoho na ce ina son awarwaro na yarinya ƙarama. Ya baza mini su a faifai, manya da ƙanana.

“Yaya kaurin hannun nata?”

Ban sani ba. Ban taɓa riƙe hannun ba. Na haɗa babban yatsa da manuni na yi zobe, na duba, na ɗan buɗe shi, na sake tsukewa.

“'Yar wa ce, da ba ka san hannunta ba?” in ji tsohon.

Na ce ya ba ni wannan da wancan, wanda bai yi ba a ajiye mata.